Gishirin da ke bin zafi da wanda bai damu ba

Ni ke shirya wa 'yan SS3 firaktikal na kemistiri kafin WAEC, to a watan Afrilu na ce mu auna yawan potassium nitrate, wani irin gishiri ne na sinadari, da ruwa zai iya narkarwa. Muka zuba ruwa a bika, wato kofin gilashi na lab, muna ta ƙara gishirin muna juyawa har ya ƙi narkewa, ya fara kwanciya a ƙasa, a nan ne ruwan ya ƙoshi. Muka tace, muka zuba kaɗan a kwanon da muka riga muka ɗora a sikeli, sannan muka ƙafar da ruwan a wuta mai laushi. Wutar nan fa sai a hankali, in ka cika ta gishirin ya dinga tartsatsi yana fita daga kwanon, lissafi ya lalace kenan. Kuma sai ka busar ka auna, ka sake busarwa ka sake aunawa har nauyin ya daina sauka.

Daga giram 16.2 na haɗin muka samu gishiri giram 6.2, ruwan da ya tashi giram 10 kenan, wato kusan giram 62 a kowane giram 100 na ruwa. Nan take wata yarinya ta ce Malam ai littafi ya ce wajen 32 ne, mun yi kuskure. Na ce duba ma'aunin zafi tukuna. Lab ɗinmu da rana rufin kwano, zafi ya kusa digiri 40, shi kuwa littafin maganar digiri 20 yake. Wannan gishirin yana bin zafi sosai, a digiri 60 ma ya haura giram 100.

Washegari muka gwada gishirin girki, shi kam ko a jikinsa, wajen giram 36 a digiri 20, ko ka tafasa ruwan da kyar ya kusa 40. Abin da ya fi burge yaran shi ne da muka sa bikar nitrate ɗin cikin ruwan ƙanƙara, sai ga ƙwayoyi dogaye sirara kamar allura suna fitowa a idonsu.

Tun daga nan duk wanda ya kawo min amsa babu digirin zafi a gefe ba na karɓa. Sai kuma juya giram ɗin zuwa mol, wato ma'aunin yawan sinadari a kemistiri, a raba da 101 tunda mol ɗaya na potassium nitrate giram 101 ne, nan ne wasu suka fara sosa kai.