Fitilar taya da ta ƙi mutuwa a a-kori-kurata

A-kori-kurar da nake ɗaukar kayan gona da ita tokumbo ce daga Amurka, ƙirar 2012. A dashbod ɗinta akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Shekara biyu ina tuƙa motar ban damu da ita ba, sai da hunturun bara ya shigo.

Da asuba in na tayar da mota sai fitilar ta kama. In na yi tafiyar minti goma sha biyar, rana ta ɗan ɗaga, sai ta mutu. Na ɗauka wasan waya ne. Ashe gaskiya take faɗa min. Iskar taya tana raguwa da kusan maki 1 a ma'aunin PSI duk lokacin da sanyi ya sauko da digiri 5 zuwa 6, kuma tsakanin asubar hunturu da azahar a Kano ana iya samun tazarar digiri 15 ko fiye. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ta ce a sa iska maki 35. Da na ari geji na auna tayar baya ta dama da sassafe, 26 na gani. Ƙusa ce ta shige ta, tana tsiyayar da iska a hankali, sanyin dare kuma yana ƙarasa ta zuwa inda na'urar da ke lura da iskar taya ke ƙorafi, wato idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100.

Na kai wa mai faci a bakin titi. Yaron yana da zafin nama, ba laifi. Ya kwantar da tayar, ya ɗauko ƙarfensa ya sa daidai gindin bawul, ya danna da ƙafa. Na ji wani ƙas, amma hankalina yana kan waya. Da ya gama sai ya ce, "Oga, bawul ɗin nan ya lalace, na sa maka sabo na roba." Ya miƙo min wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana, a tsage, maƙale da tsohon bawul ɗin ƙarfe. Na jefa shi bayan mota, na biya, har da godiya.

Washegari a hanyar Zariya fitilar ta dawo, amma da sabon salo: ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya a kunne. Duk lokacin da na tayar da mota haka take yi. Ni kuwa sai ƙara iska nake. Wani mai facin har 50 ya ɗura min, wai abin da ke rubuce a gefen taya ke nan, alhali wannan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Motar ta koma tsalle kamar akuya in ba kaya a bayanta, fitila kuma tana nan daram. Wani abokina ya ce in manna baƙin salatif a kanta in huta, haka kowa ke yi. Na kusa bin shawararsa.

Mai wayarin da na je wurinsa daga baya, dattijo ne, tambaya ɗaya ya yi min: "Alhaji, tana ƙiftawa kafin ta tsaya, ko kai-tsaye take kamawa?" Na ce tana ƙiftawa. Ya ce to ba maganar iska ba ce. In ta kama ta tsaya cak, taya ce ba iska. In ta yi ƙifce tukuna, motar ce ke cewa ta daina jin muryar ɗaya daga cikin sensocinta, wato 'yan na'urorin da ke cikin tayoyi suna auna iska.

Ya ɗauko wata 'yar na'ura ta hannu, ya zagaya yana kara ta kusa da kowane bawul. Uku suka amsa, kowanne ya nuno lambarsa da yawan iska da zafin taya. Ta baya ta dama shiru. Nan na tuna da akwatin ashanar nan, na lalubo shi daga ƙarƙashin buhuna. Dattijon ya juya shi a tafin hannu ya yi dariya. A cikinsa akwai ma'aunin iska, da ɗan rediyo mai aika saƙo zuwa kwamfutar mota, da batir da aka rufe ruf, ba a canza shi. Batirin kan yi shekara 5 zuwa 10, saboda haka nawa ma sun ci zamaninsu. Ya ƙara da cewa duk ƙaramar motar da aka sayar sabuwa a Amurka tun Satumbar 2007 dole tana da wannan tsari, sakamakon dokar da suka yi a 2000 bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Don neman sauƙi na je kasuwar kayan gyara na sayo tsohon sensa, kamarsu ɗaya da nawa. Aka kwance taya, aka ɗaura, aka hura, motar ta ƙi ganinsa. Da aka kara na'ura sai ga dalili: na motar Turai ne, yana magana a zango 433, tawa kuwa 315 take saurare, kamar yawancin motocin Amurka na shekarunta. Kamar ka kama tashar da ba ita ba ce a rediyo. Kuɗin kwance taya sau biyu ya tafi a banza, mai kayan kuma ya ce an riga an ɗaura, ba ya karɓa.

A ƙarshe dattijon ya kawo sabon sensa irin wanda ake saitawa, ya daidaita shi da ƙirar motar, ya sa sabuwar robar toshiya, ya ɗaure notin a hankali don kada ya tsage. Sannan ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya shigar da lambar sabon sensan, domin irin motata ba ta karɓar baƙo sai an gabatar mata da shi. Muka mayar da iska 35 a duka huɗun, muka zaga gari kamar minti goma, fitilar ta mutu.

Yanzu geji na kaina yana cikin aljihun mota, kuma da safe nake aunawa kafin taya ta yi zafi. In na je faci kuwa, waya tana aljihu. Ina tsaye a kan yaron, in nuna masa bawul in ce ya fara danna ƙarfensa daga can ɗaya gefen. Sensan gaba na hagu, wanda na'urar dattijon ta nuna batirinsa ya yi rauni, na bar shi sai ranar da zan canza tayoyin gaba, a yi kwancewa ɗaya.