Asabar: Muryar Auta da Mazarƙwailar Hajiya

Gobe Lahadi da ƙarfe takwas muke jarrabawar Fara'il, wato ilimin rabon gado. Littafin na nan buɗe a gabana tun bayan Isha, amma shafi ɗaya nake ta kallo. Bari in sauke abin da ke cin raina a nan tukuna, ko Allah zai sa karatun ya shiga.

Ana idar da Asuba Alhajin da nake yi wa aikin rakiyar 'yan Umara wuraren ziyara a nan Madina ya kira, wai mota ɗaya ba ta da ɗan rakiya, abokin ɗakina Ɗan Damagaram ya kwana da mura. Na so in ba shi haƙuri saboda jarrabawar, sai na tuna kuɗin makarantar Auta da na yi wa Inna alkawari kafin wata ya mutu, mukafa'ar wannan watan, wato alawus ɗinmu na ɗalibai, kuma na riga na taɓa ta. Na ce masa gani nan zuwa.

Sanyin Madina na Janairu ba ya zuwa da hazo irin hunturunmu. Sararin sama garau, amma iskar sai ta ratsa ƙashi. Na tarar da motar a bakin otal, 'yan Umara sun cika ta, yawancinsu Katsinawa da Kanawa. Na karɓi lasifika, na yi mana addu'ar hawa abin hawa, muka kama hanyar Ƙuba. Bayanin da na saba na yi musu: masallacin farko da aka gina a Musulunci, wanda ya yi alwala a masaukinsa ya zo ya yi salla a cikinsa yana da lada kamar na Umara, kuma Manzon Allah (SAW) kan zo shi duk Asabar, wani lokacin a ƙasa, wani lokacin a kan abin hawa. Da na ce musu yau ma Asabar ce sai motar ta ɗauki kabbara. Har cikin raina na ji daɗin wannan.

Suna ciki suna nafila na koma gefen mota na duba agogo. Takwas da rabi a nan, shida da rabi ke nan a gida, Inna ta gama lazimi. Na kira.

Wata murya mai kauri ce ta amsa sallamata. Na ɗauka Kawu ne ya shigo da sassafe, ko wani daga maƙwabta. Na gyara tsayuwa na ce, "Ina kwana. Don Allah wa ke magana? Inna nake nema."

Aka yi shiru. Can sai dariya. "Yaya, ni ne fa."

Auta ne. Yaron da nake goyawa a bayan keke in kai shi Islamiyya, wanda in ya yi karatu da ƙarfi muryarsa kamar ta 'yan mata har su Yaya, yayarmu mace, na tsokanarsa. Tun da aka kai shi makarantar kwana ba mu cika dacewa a waya ba, sai dai rubutaccen saƙo. Muryarsa ta buɗe ban sani ba. Na gaishe da ƙanena irin gaisuwar da ake yi wa baƙon mutum. Shi abin dariya ya ba shi, har yana kwala wa Inna kira ta zo ta ji, wai Yaya bai gane shi ba. Ni ma na yi dariyar, amma wani abu ya tokare min ƙirji. Ta bayansa ina jin zakara, ina jin ƙarar tsintsiya a tsakar gida, ina jin wani na jan guga a rijiya.

Inna ta karɓa. Ya sanyi, ya karatu, kana cin abinci kuwa, a yi mana addu'a wajen Manzon Allah. Na ce lafiya lau, komai alhamdu lillahi. Amsar da nake ba ta ke nan shekara ɗaya da wata huɗu.

To me zan ce? Mutumin da ke zaune a Madina ba shi da bakin kuka. Kowa ka gaisa da shi daga gida, abin da zai fara ce maka shi ne wa ya kai ka. Kuma gaskiya suka faɗa. Akwai waɗanda suka tsufa suka mutu da begen su ga koren ƙubbar nan sau ɗaya, ni kuwa in na so, kullum sai in yi salla a ƙarƙashin lemomin Harami. Saboda haka in wuyana ya riƙe don rashin barci, ko na kwana ina lissafin riyal, ko WhatsApp ya cika da a sayo min dabinon ajwa, a sayo min jallabiya, a taimaka min da na asibiti, sai in haɗiye. Ina jin kamar in na buɗe baki na ce ina kewar gida, na yi wa Allah butulci. Hutun da ya wuce ga tikiti na samu, amma na tsaya aikin alhazai don in tara abin aikawa. Ni na zaɓa, babu wanda ya sa ni.

Masallacin Ƙiblataini, minti ashirin. Gonar dabino, kusan awa guda ana ciniki, ina ta tafinta tsakanin hajiyoyi da mai shago: wannan safawi ne, wancan sukkari, ajwa ta fi tsada. Bakina ke aiki, hankalina na Bakori.

A Uhudu na tara su gaban makabartar shahidai na ba su labarin kamar kullum. Shekara ta 3 bayan hijira, cikin Shawwal. Na nuna musu ɗan tudun maharba, inda Annabi (SAW) ya tsayar da mutum 50 ya ce kada su bar wurin ko me ya faru. Na gaya musu sahabbai 70 ne suka yi shahada ranar, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Muka yi musu sallama da addu'a, masu ƙarfi suka nufi tudun da wayoyinsu.

Wata tsohuwa ce kaɗai ba ta tafi ba. Ta samu dakali ta zauna tana murza gwiwa. Na ɗauko mata ruwa daga mota, na durƙusa na miƙa mata.

"Allah ya yi maka albarka. Ɗan nan, harshenka na wajenmu ne. Kai ɗan ina ne?"

"Bakori, Hajiya."

Ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ni daga Danja nake. Ashe jikana ne ke ta yi mana wa'azi tun safe. Zauna, zauna."

Na zauna daga ƙasa kaɗan. Ta tambayi unguwarmu, ta tambayi ko mahaifana na da rai, na ce Baba ya rasu, Inna na nan. Ta yi masa addu'a. Daga nan ta yi shiru tana kallon dutsen Uhudu, yadda rana ta fito da jansa. Can ta rage murya, kamar mai tsoron kada 'yan tafiyarta su ji.

"Tunda kai malami ne, bari in tambaye ka. Shekara goma sha ɗaya ina kiwo ina adashi kafin Allah ya kawo ni. Daren jiya aka shigar da mu Rauda, jikata ce ta yi min abin nan na waya aka ba mu lokaci. Na yi salla, na yi kuka har na gode Allah. Ina cikin addu'a sai kawai na tsinci kaina ina tunanin akuyata. Da tsohon ciki na baro ta. Ina ta cewa ko ta haihu, ko matar ɗana ta tuna ta rufe 'ya'yan saboda sanyi. Wallahi kunya ta kama ni. Yau ni ce gaban Fiyayyen Halitta ina tunanin akuya. Malam, ibadata ba ta ɓaci ba kuwa?"

Idonta ya kawo ruwa. Da gaske take tambaya.

Na ce mata babu abin da ya ɓaci, in sha Allahu. Sai wani hadisi da muka karanta tun ina shekarar farko ya faɗo min, na ce bari in ba ta don hankalinta ya kwanta. Nana A'isha ce ta ba da labarin. Lokacin da aka yi hijira aka iso garin nan, zazzaɓin Madina ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Shi Bilal, in zazzaɓin ya ɗan sake shi, sai ya ɗaga murya yana rera baitoci na begen Makka: ko zai sake kwana a kwarin nan, ciyawar izhir na kewaye da shi, ko zai sake shan ruwan Majanna, ko zai sake hango duwatsun Shama da Ɗafil. Makkar da aka shimfiɗe shi a rana aka ɗora masa dutse a ƙirji, ita yake bege, alhali ga shi gari ɗaya da Annabi.

Ta zaro ido. "Bilalun Annabi? Mai kiran salla?"

"Shi fa, Hajiya."

"Ciyawa yake tunawa?"

"Ciyawa da ruwa da duwatsu."

"Annabi bai yi masa faɗa ba?"

Na ce da Nana A'isha ta je ta gaya masa, addu'a ya yi. Ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya ba garin lafiya, ya yi albarka a mudunsa da sa'insa, ya kwashe zazzaɓin ya kai Juhfa.

Ina rufe baki na ji jikina ya yi sanyi. Hadisin nan na haddace shi, na rubuta shi a jarrabawa, na san babin da yake. Ban taɓa kawo wa raina cewa da ni ma yake magana ba, sai yau da na ji shi yana fita daga bakina saboda akuyar wata tsohuwa.

Hajiya ta share ido da gefen hijabi, ta yi hamdala. Sai ta juyo ta ƙare min kallo.

"To kai da ka san wannan, me ya sa tun a mota nake ganin idonka kamar na wanda ya kwana jinya? Yaushe rabonka da uwarka?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Kai!" Ban san yadda aka yi ba na kwashe labarin Auta na ba ta, har gaisuwar da na yi masa. Ko Ɗan Damagaram da muke kwana ɗaki ɗaya ban taɓa yi wa irin wannan maganar ba. Muryata ta fara rawa, na sunkuyar da kai ina wasa da murfin gora.

Ba ta yi min nasiha ba, ba ta ce in gode wa Allah ina Madina ba. Cewa ta yi, "Yaro kamar dawa ne a marka, kwana biyu ba ka leƙa gona ba sai ka tarar ta wuce kanka. Dole ka ji ciwo, ai kai ka goya shi." Ta buɗe jakarta ta laluba, ta fito da wani ƙulli a baƙar leda. "Goro an ce kada mu shigo da shi, na bar shi a gida. Wannan dai babu wanda ya hana ni."

Mazarƙwaila ce, rabin dunƙule, gefenta duk ta gutsuttsure. Ƙanshin kawai na ji na ga injin rake a bakin fadama, ana zuba ruwan a kasko, hayaƙi na tashi, mu kuma muna tsaye da karan dawa muna jiran a bar mu mu kankare gindin. Na sa hannu biyu na karɓa. Direba ya fara danna oda, na kama mata jaka muka nufi mota.

Kafin ta sauka a otal ta ce ranar Laraba za su wuce Makka, daga can sai gida. In ina da saƙo in kawo, tsakanin Danja da Bakori ba wani nisa, ɗanta zai kai har hannun Inna.

Alhaji ya sallame ni. Barcin awa ɗaya. Magariba a Harami. Ful da tamis, wake da gurasarsu, a hanya, ban cinye ba.

Na gutsura wa Ɗan Damagaram mazarƙwailar ya jefa a shayi, ya ce rabonsa da ita tun yana makarantar allo. Ya tuna min ranar Alhamis mu ne da tuƙa tuwo a sakan, masaukinmu na ɗalibai, kuka kuma ta ƙare, sai an nemo wajen matan nan Hausawa da ke sayarwa, masu ce maka "yalla, nawa za a ba ka?" Sauran mazarƙwailar na naɗe ta na tura bayan littattafai.

Yanzu ga Fara'il. Babin auli, inda rabon magada ke zarce asalin lissafin, na iya shi: 6 kan hau zuwa 7, 8, 9 da 10, 12 kan hau zuwa 13, 15 da 17, 24 kuma zuwa 27. Munasakha, inda wani magaji ke rasuwa kafin a raba gado, ita ce ke ba ni wuya. Amma ba lissafin ne ya tsayar da ni daren nan ba. Kowace mas'ala da mutuwa take farawa. Wata ta rasu ta bar 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Wani ya rasu ya bar uwa da 'yan'uwa. Shekara guda ina warware irin waɗannan kamar sauran lissafi, yau kuwa duk wadda na karanta sai in ga tsakar gidanmu. Na rufe littafin sau biyu na yi ta'awwuzi. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sa in same ta da ƙafafunta.

Saƙon na riga na tsara shi a raina. Ajwa kilo ɗaya ta Inna, turare na Yaya, farar jallabiya ta Auta. A nan na tsaya. Jallabiyar ƙasar nan da tsayi ake sayenta, ni 56 nake sawa, shi kuwa ban san inda ya kai ba. Lambar da na saya masa wancan zuwan na tabbata yanzu ko ƙwaurinsa ba za ta rufe ba.

Na tura masa saƙo ya tsaya jikin ƙofar ɗakin Inna, Yaya ta ɗauke shi hoto, don na san tsayin ƙofar nan. Alama ɗaya ce har yanzu, bai shiga ba. Wataƙila babu wuta, wayar ta mutu. Sha ɗaya da kwata a nan. Zan duba munasakha sau ɗaya, in sake leƙa wayar kafin in kwanta.