Helsingør: garin da ya yi arziki da kuɗin fito

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Kopenhagen zuwa Helsingør tafiyar kusan minti 45 ce a layin gaɓar teku da ake kira Kystbanen, wanda aka buɗe a 1897. Tun a wurin sayen tikiti ake fara samun matsala, domin sunaye uku ne masu kama da juna. Helsingør ita ce garin da ake nufi, a ƙasar Danmak. Helsingborg tana tsallaken ruwa, cikin Suwidin. Helsinge kuwa wani ƙaramin gari ne can cikin tudu a arewacin Sjælland, tsibirin da Kopenhagen da Helsingør suke kansa, ba ruwansa da teku. Sannan ba kowane jirgi na wannan layin ne ke kaiwa ƙarshe ba, wasu a Nivå suke tsayawa, don haka a karanta allon da kyau. Na zauna ta gefen dama, kuma shi ne daidai ga mai zuwa arewa, don ta nan ake hango ruwa. A sayi tikiti kafin a hau. Babu shinge a tashoshin, amma masu duba tikiti na yawo, tararsu kuma ba ta wasa ba ce.

Abin da na fahimta shi ne, wanda bai fara da kallon ruwan ba ba zai gane garin ba. A nan mashigin Øresund ya fi tsukewa, kimanin kilomita 4 ne kawai tsakanin Danmak da Suwidin, kuma ta nan jiragen ruwa suka fi bi in za su shiga tekun Baltik ko su fito. A 1429 Sarki Erik na Pomeraniya ya ɗora wa jiragen ƙasashen waje kuɗin fito. A lokacin gaɓar biyu duk ta Danmak ce, ya kuma riga ya gina ganuwa mai suna Krogen a bakin tsibirin, saboda haka mai ƙin biya ya san abin da ke jiransa. Jirgi zai tsaya, kyaftin ya sauko gari ya biya, ma'aikatansa su sayi ruwa da abinci da igiya. Da wannan cinikin 'yan garin suka gina gidajen da ake gani yau a titin Stengade da Strandgade.

A 1567 aka sauya tsarin: maimakon kuɗi ɗaya kan kowane jirgi, sai aka koma karɓar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na darajar kayan. Kyaftin ne ke faɗin darajar da bakinsa, amma sarki yana da ikon saye kayan duka a farashin da aka faɗa. In ka rage don ka kauce wa haraji, ka yi asarar kayanka a araha; in ka ƙara, ka biya da yawa. Ban ga dabarar kwastan da ta fi wannan wayo ba. An ci gaba da karɓa har bayan da Danmak ta rasa ɗaya gaɓar ga Suwidin a 1658, sai a 1857 aka soke shi, bayan Amurka ta ce ba za ta ƙara biya ba, ƙasashen da ke amfani da mashigin kuma suka biya Danmak diyya a dunƙule.

Da kuɗin fiton ne Sarki Frederik na Biyu ya mayar da Krogen fadar Kronborg tsakanin 1574 da 1585. Daga tasha zuwa can tafiyar kusan kwata ce a ƙafa ta bakin tashar jiragen ruwa. Gobara ta cinye fadar a 1629, ɗakin ibada ne ya tsira, shi ya sa sassaƙar katakonsa ta fi ta sauran ɗakunan tsufa. Sarki Christian na Huɗu ya sake ginawa, sojojin Suwidin suka kwashe kayan ciki a 1658, daga baya ta zama barikin soja. Wannan ne dalilin da ya sa ɗakunan suke kusan fayau. Wanda ya zo neman gadajen zinariya zai koma da takaici. Abin kallo shi ne girman ginin kansa: babban zauren liyafa mai tsawon mita 62, da 'yan dardumomin bango masu hotunan sarakuna da suka rage. UNESCO ta sa fadar cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Baƙi da yawa saboda Hamlet suke zuwa, wasan kwaikwayon Shakespeare da aka ɗora labarinsa a wannan fada, ana kuma yin wasan a harabarta lokacin zafi.

Kada a tsallake ramukan ƙarƙashin ƙasa. Duhu ne sosai, ƙasan ba daidai take ba, ga sanyi da laima ko a watan Yuli, don haka a riƙe tocila ko a bar wa waya caji. Can ciki mutum-mutumin Holger Danske, wani jarumin tatsuniyar Danmak, yake zaune yana barci da takobi a cinya. Tatsuniyarsu ta ce zai farka ran da ƙasar ta shiga haɗari.

Bayan an soke fito garin ya talauce, har sai da aka buɗe masana'antar ƙera jiragen ruwa a 1882. Ita ta riƙe garin shekara ɗari, aka rufe ta a 1983. Gine-ginenta ne yanzu Kulturværftet, cibiyar al'adu mai laburare da zauren wasanni, tun 2010. Gidan tarihin sufurin teku, wanda aka buɗe a 2013, yana da sauƙin wucewa ba a lura ba, domin a ƙarƙashin ƙasa aka gina shi kewaye da tsohon ramin gyaran jirage, don kada ya tare wa Kronborg fuska. A nemi gadojin gilashi da ke gangarawa cikin ramin. A ganina ya fi cikin fadar bayanin yadda garin ya rayu.

Jirgin fito zuwa Helsingborg yana manne da tashar jirgin ƙasa, ba sai an fita waje ba. Tsallakawar minti 20 ce, da rana kuma jirage na tashi kusan kowane kwata ko minti 20, don haka mai tafiya a ƙafa ba ya buƙatar kama wuri tun da wuri. Biyu daga cikinsu, Tycho Brahe da Aurora, an mayar da su masu aiki da batir a 2018, ana yi musu caji a 'yan mintunan da suke lodi. A fita saman jirgin ta ɓangaren fadar: daga nan ne ake ganin yadda bindigogin Kronborg suka mallaki mashigin. A riƙe fasfo ko da bizar Shengen ɗaya ce ke aiki a ƙasashen biyu, domin akan duba takardu. Kuɗin ma daban ne, kurona ta Danmak ba ta Suwidin ba ce, kuma kati ya fi tsabar kuɗi amfani a duka gaɓoɓin.

Abu biyu ke ɓata wa mutane shiri. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, iskar bakin ganuwa kuma tana ratsa riga, gidajen tarihi da dama ba sa buɗewa ran Litinin in ba lokacin zafi ba. Sai abinci: tsiran alade ne ya fi yawa a kekunan sayar da abinci na titi, leverpostej da ake shafa wa burodi ma hantar alade ce. Mai kiyaye halal ya tambaya, ko ya nemi burodin hatsin rai da kifi ko jatan lande, waɗanda ba sa wuyar samu a garin bakin teku.