Majalisar Gundumar Middlesex da ta ɓace

An kafa Majalisar Gundumar Middlesex a Ingila a shekarar 1889, bisa dokar ƙananan hukumomi ta 1888, wadda ta karɓe mulkin gundumomi daga hannun alƙalan da ake naɗawa ta miƙa shi ga zaɓaɓɓun wakilai. Tun daga ranar farko ta samu ƙasarta a gutsure, domin an yanke unguwannin da suka fi cunkoso an ba sabuwar Gundumar Landan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, zauren da take taro yana Westminster, cikin Gundumar Landan, daura da majalisar dokokin ƙasa, wato a wajen yankin da take mulka. Duk da haka ta kula da hanyoyi, makarantu da asibitoci, a daidai lokacin da gonaki ke komawa rukunin gidaje da masana'antu.

A 1965 aka rushe ta, aka haɗe mafi yawan yankinta da Babbar Landan, garuruwan Staines da Sunbury suka koma gundumar Surrey, garin Potters Bar kuma gundumar Hertfordshire. Ina ganin an yi gaggawar shafe ta. Zauren nata shi ne mazaunin Kotun Ƙolin Birtaniya tun 2009.