Ashe ba tawada ba ce

Jiya da daddare ƙanwata mai shirin WAEC ta same ni a tsakar gida da tsohuwar takardar jarrabawa, ta ce, "Yaya, mene ne inkling?" Ni kuwa don kada girma ya faɗi, na ce ɗigon tawada ne. Ta rubuta har da ja layi.

Da na duba ƙamus na Turanci sai kunya ta kama ni. Babu ruwan kalmar da tawada, wato ink. Ɗan ƙishin-ƙishin ne, abin da ka fara shanshanowa amma ba ka tabbatar ba, kuma sun fi amfani da ita wajen kore sani: I had no inkling, wato ko a mafarki ban zata ba.

Hint shi ne hannunka-mai-sanda, wani ne yake yi maka. Hunch kuwa jikinka ne ya ba ka.

Wadda ta fi burge ni ita ce clue. Asalinta clew, ƙullin zare, irin wanda a tatsuniyar Girkawa aka bi aka fita daga gida mai ruɗaɗɗun lunguna. Mu ma ai bakin zaren muke cewa!

Da safe na je gyara, ta ce, "Yaya, dama jikina ya ba ni."