Daga Maraɗi zuwa Yamai: ginin jar ƙasa da lissafin siminti

Hanyar Maraɗi zuwa Yamai ta haura kilomita 600, ta bi ta Madawa, Galmi, Malbaza, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Na bi ta cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan wuce digiri 40. Da gangan na zaɓi wannan wata, domin a bazara ake gane ɗakin da za a iya zama cikinsa. Duk tsawon hanyar abu guda ido ke gani: ƙauyuka na laka da manyan rumbuna, da an doshi gari kuma sai bulo da kwano. A Malbaza masana'antar siminti take, tireloli jere a bakin titi. Kafin a sami wannan gari mai toka sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, shi ya sa siminti kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

A Tsarnawa na saki babbar hanya na yi arewa, hanyar Tawa, don in ga Dandaji. Tsohon masallacin garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Da masallacin Dandaji ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, ba a rushe shi ba. Mariam Issoufou Kamara, ’yar Nijar, da Yasaman Esmaili, ’yar Iran, suka mayar da shi ɗakin karatu, suka zana sabon masallaci a gefensa mai ɗaukar mutum dubu, aka gama a 2018. Bangon sabon na bulon jar ƙasa ne da aka matse da inji ba a gasa ba, akasarin kayan kuma daga kewayen garin aka samo su. Kankare bai shiga ba sai a ginshiƙai da linta.

Da azahar na ɗora tafin hannu a bangon ta waje, da zafi rau. Ta ciki kuwa kamar rana ba ta fito ba. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 yana riƙe zafi awa takwas zuwa goma kafin ya ratsa shi, don haka zafin azahar sai bayan isha yake isowa ciki. Nan ne masu yabon ginin ƙasa kan tsallake rabin magana. Zafin nan bai ɓace ba, jinkiri ya yi. In babu tagogi masu fuskantar juna da ƙananan kafofi can sama da za a buɗe da dare iska ta kwashe shi, ɗakin da ya yi sanyi da rana shi zai hana barci.

Amma Dandaji ƙauye ne, fili ba matsala ba ce, ƙasa kuma ga ta a bayan gari. Jarrabawar tana birni.

Yamai tana fara bayyana tun da sauran tafiya: fulotai da aka kafa wa duwatsun shaida, katangu marasa ɗakuna, bukkokin zana na masu gadi da baƙin da suka zo ci-rani. Lokacin samun ’yancin kai a 1960 mutanen garin wajen dubu 30 ne, ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Garin bai tashi sama ba, shimfiɗa ya yi. Kowane gida ƙasa-ƙasa cikin katangarsa, kowace sabuwar unguwa kuma tana jiran titi, famfo da wayar lantarki da za a jawo mata daga nesa. Mai ƙaramin ƙarfi ya sami fili mai araha a bakin gari, sai kuɗin mota da na ’yan garuwa su cinye abin da ya rage.

Gidajen da na je gani suna unguwar Niamey 2000, sunanta ma aikin ya ɗauka. An kammala su a 2016, aikin ƙungiyar united4design ne, wato Mariam da Yasaman ɗin nan tare da Elizabeth Golden da Philip Sträter. Gida shida ne manne da juna, kowanne bene, girman aikin gaba ɗaya murabba'in mita 1,700. Masu zanen sun ce daga tsofaffin biranen yankin suka ɗauki darasi, Tumbuktu da Kano da Damagaram, inda gidaje ke cunkushe amma kowane iyali da sirrinsa. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano zai gane abin nan take. Bangon da ka haɗa da maƙwabci rana ba ta dukansa, kuɗinsa kuma ku biyu kuka raba. Tsakar gida ƙarama ce, bangon bene na jefa mata inuwa, ana girki da wanki ba mai leƙe daga titi. Akwai kuma wurin shan iska a sama, abin da ya dace da garin da ake kwana a waje duk bazara. A ganina babbar dabarar aikin ita ce hawa na biyun nan. Ya nuna cewa bulon ƙasa na ɗaukar bene, kuma iyali na iya samun zaure, tsakar gida da ɗakunan kwana a ƙaramin fili ba tare da an cusa su a dogon bene irin na Turai ba.

Yadda ake buga bulon na gani ne a wani wurin aiki a bayan gari, inda ake gina wani gida daban. Shugaban ma'aikatan dattijo ne, ya ce da ni: “Malam, ka fara duba ƙasar tukuna, injin ba ya gyara mummunar ƙasa.” Ana kwashe ta sama, santimita 30 zuwa 50, a zubar gefe, saboda ƙasar noma akwai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, tana hana siminti kamawa tana kuma jawo gara. Ta ƙarƙashi, jar marmara, ita ake so. A tankaɗe ta da rariyar ƙarfe mai ido kamar milimita 10. Gwajin farko da kwalba ake yi: a zuba ƙasa zuwa sulusi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi su kwanta a ƙasa, laushi a tsakiya, yumɓu a sama. Ana son yashi da tsakuwa su haura rabi, yumɓu kuma kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Yumɓu ya yi yawa, bulo ya tsattsage wajen bushewa, sai a ƙara yashi. Ya yi kaɗan, gefen bulon ya riƙa marmashewa tun a hannu.

Siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ake sawa, a gauraya shi da ƙasar a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Ba kwaɓi ake yi ba, danshi ne irin na garin dambu. Dattijon ya dunƙula cikin hannu ya saki daga daidai ƙirjinsa, dunƙulen ya fashe gida huɗu ko biyar, ya ce ya yi. Da ya watse ya zama gari, ruwa bai isa ba. Da ya lotse bai fashe ba, ruwa ya wuce. Kuma ba a haɗa abin da ya fi ƙarfin aikin awa ɗaya, don siminti ya fara kamawa tun a ƙasa.

Injin na hannu ne, mai doguwar sanda da mutum ke dannewa da nauyin jikinsa, jikan wanda Raul Ramirez ya ƙirƙiro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a shekarun 1950. Bulon da ke fitowa tsawonsa santimita 29.5, faɗi 14, kauri 9, nauyinsa kilo bakwai da ɗan wani abu. Mutum biyar ko shida na buga wajen 500 a yini in ba su yi wasa ba. Daga inji sai a jera shi a rufe da leda, a riƙa yayyafa ruwa mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bar shi a inuwa har ya cika kwana 28. A can gefe na ga wani tari da iska ta yaye wa leda, rana ta buge shi tun yana ɗanye. Da farce na kankare gefen guda, gari ya zubo. Simintin da ke cikinsa ya tafi a banza, domin ruwan da zai sa ya kama ya ƙafe kafin ya yi aikinsa. Yawancin bulon ƙasa da ke ba mutane kunya a wannan matakin yake lalacewa.

Sai lissafi, wanda na zauna na yi da biro saboda yawan jin ana cewa ginin ƙasa rabin kuɗi ne. Ɗauki gida mai ciki biyu da falo, mita 7 a mita 9, tsayin bango mita 3. Bangon waje, bayan an cire ƙofofi da tagogi, murabba'in mita 84 ne, in an yi shi mai kaurin 29.5 yana cin bulo 62 a kowane murabba'i. Na ciki murabba'i 42, sirara, 31 a kowanne. Jimla wajen bulo 6,500. Buhun siminti mai kilo 50 a kashi 6 cikin ɗari yana ba da bulo kamar 110, buhu 59 ke nan. Wannan gida da bulon siminti mai inci tara zai ci guda 1,260. In an buga 30 a buhu yadda ya kamata, ba 45 ko 50 da wasu masu gidan bulo ke ja ba, buhu 42 ne, filasta ciki da waje ta ƙara wajen 20 zuwa 25. Kusan kunnen doki ke nan da buhu 59 na bulon ƙasa, wanda ba a yi masa filasta. Wanda ya shiga ginin jar ƙasa don ya tsere wa siminti gaba ɗaya, bai yi lissafi ba.

Ribar a wani wurin take. Ba fenti, ba sabunta fenti. Ba sayen yashin kogi mai yawa. Kuɗin yana tafiya ne ga leburorin unguwa. Mafi girma kuma, ɗakin ba ya neman na'urar sanyaya ɗaki yini da dare, a ƙasar da kafin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga Najeriya yake zuwa. Asarar kuma tana cikin nauyi: bulo 6,500 tan 45 ne da ɗoriya. In ramin marmara na kusa, ko ƙasar da aka haƙo ta harsashi da shadda ta ci gwajin kwalba, an tsira. In sai tifa ta yi doguwar tafiya, kuɗin gas ya haɗiye arahar.

Na tsallaka gadar Kennedy zuwa unguwar Harobanda don in ga ɗaya fuskar, wato abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. A Satumbar 2020 kogin Kwara ya kai wajen mita bakwai a ma'aunin Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, unguwannin wannan gaɓa suka nutse. A Satumbar 2024 ma ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin laka na Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19. Duk kangon da na duba, daga gindi ya fara ci. Ruwa ya kwanta a jikin bango, ƙasan ya jiƙa ya saki, saman da ke bushe ƙalau ya rufto. Maganin sananne ne. Harsashi na dutse ko kankare, a ɗaga shi santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasa, fiye da haka a kwari. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kai kafin layin farko na bulo, don danshi kada ya hau. Rufi ya zarce bango da rabin mita, in soro ne indararo ya yi tsawon da ruwa zai faɗi nesa da gindi. A bene, a ɗaure bangon da linta zagaye a daidai inda hawa na biyu zai fara. Banɗaki da wurin famfo a yi musu tayil ko filasta mai kyau, bututu kuma a bi da shi ta waje inda za a ga yoyo da wuri.

Kuskuren da na fi gani a unguwannin nan shi ne shafa wa bangon laka filastar siminti kai tsaye. Wata shida tana kyau. Daga nan ta tsage, domin ita da laka ba sa motsi tare, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da filastar za ta ɓanɓaro falle guda. Magabata da suke yaɓe da makuba duk shekara ko biyu sun fi mu gane halin laka. Wanda ya nace sai siminti, sai ya kafa ƙusoshi ko ragar waya a bangon tukuna, ya kuma yi haɗin mai rauni.

Gidajen Niamey 2000 don masu matsakaicin ƙarfi aka yi su, ma'aikaci ko ɗan kasuwa. Mai tura baro a kasuwar Katako ba zai shiga ba. Talaka ɗaki-ɗaki yake gini, yau ya sayi bulo ɗari, bayan girbi ya ƙara ɗari biyu, kuma mai bulon siminti yana kowace kusurwa yana jiransa. Bulon matsi kuwa sai an yi hayar inji, an tara ma'aikata, an buga dubbai a tashi ɗaya, an jira mako huɗu, sannan a nemo birkilan da ya iya jera shi da tsafta tunda ba filastar da za ta rufe masa asiri. A Najeriya cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin wannan inji, amma har yanzu da wuya ka sami wurin da za ka sayi bulon jar ƙasa guda hamsin ka ɗora a kura.

Abin da na ga ya kai ga talaka a Harobanda ya fi wannan sauƙi. Wasu da suka sake gini bayan ambaliya sun cike filin da marmara ya ɗan tashi, suka jera layi uku ko huɗu na bulon siminti a kan harsashi, suka ci gaba da tubalin laka na hannu har sama. Ɗaki mai mita 4 a mita 4, layi huɗu, bai kai bulo 150 ba, wato buhu biyar na siminti in an buga shi yadda ya kamata. Wasu sun ƙara silin na tabarma ko zana a ƙarƙashin kwano, suka bar tazarar kamu ɗaya tsakanin bango da rufi don zafin kwanon ya fita ta nan.