Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙurar Silin

Makon jiya na yi muku alkawarin labarin aurena na fari, ku yi mini haƙuri. Ranar Talata na ratsa wani lungu a Kurna na tarar ana rushe tsohon gida, samari uku suna farfasa silin asbestos da guduma, ƙura ta yi musu fari fat har gira. Tun ranar maganar Kawu ta hana ni barci: "Ƙura ai abincin kafinta ce."

Shekarar da Babangida ya karɓi mulki, 1985, Inna ta kai ni wurin Kawu koyon aiki. Yaya ya riga ni da shekara huɗu, shi ke riƙe da zarto. A lokacin duk mai hali silin asbestos yake sawa, don wuta ba ta cinsa, gara ba ta taɓa shi. A cikin ɗaki muke yanka shi, Yaya na jan zarto, ni na danne gefe da gwiwa. In ya ɗago kai sai ka ga gashin hancinsa kamar furfura. Da yamma in share da tsintsiya, ƙurar ta sake tashi, mu sake shaƙa.

Wata rana Yaya ya ɗaure hancinsa da hankici. Kawu ya shigo ya fizge shi a gaban lebura, ya ce, "Wa ka taɓa ji ƙura ta kashe? Ai abincin kafinta ce." Ya ba mu kuɗin shayi, a cika madara, wai tana wanke ƙirji. Shi kuwa Kawu, Allah ya jiƙansa, aikinsa awo, yana gamawa sai gindin mangwaro a waje. Ya haura tamanin kafin ya rasu.

Yaya bai kai hamsin da biyar ba. Numfashi ya fara gagararsa, ko tsani ba ya iya hawa. Wata shida yana shan maganin tarin fuka a banza. Sau biyu ana zuƙe masa ruwa daga ƙirji, yana dawowa. Sai da wani likita ya dube shi ya ce, "Malam, wane aiki ka yi da ƙuruciya?" Shi ya faɗa mana zaren asbestos ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, in ya shiga sai ya maƙale a huhu da fatar da ta lulluɓe shi, ya kwanta shekara 20, 30, har 40 kafin ya zama ciwon daji. Ya ce Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, kuma hatta ƙurar katako tana jawo dajin hanci. Na tambaye shi batun madara. Ya ce madara ciki take tafiya, me ya haɗa ta da huhu?

Su Goggo har yau suna cewa jifa ne, wasu kuma wai a ɓoye yake shan taba. Ƙarya ne. Gaskiya ne taba tana ninka haɗarin dajin huhu ga wanda ya shaƙi asbestos, amma ɗaki ɗaya muka kwana da Yaya shekara tara, ko ashana ba ya ajiyewa. Matarsa ma ta shaƙa, don ita ke kakkaɓe kayan aikinsa kafin wanki. Ni kaina in tari ya kwana biyu gabana faɗuwa yake.

Na yarda Kawu bai sani ba. Hankicin ma ba zai tare zaren ba, sai takunkumi na musamman mai matata. Duk da haka fizgewar nan ta tsaya mini a rai.

Samarin Kurna na ce musu, "'Ya'yana, ku jiƙa shi sharkaf, ku cire ƙusa ku sauke shi ɗungurungum, kada ku fasa, kada ku share a bushe, kayan jikinku kuma kada su shiga gida." Babbansu ya ce, "Baba, ai ƙura ce kawai." Na kira mai garuwa na biya jarka huɗu, na tsaya a wurin har suka gama yayyafawa.

Batun auren sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.